Fandeshon Mama Talatu a Gonar Baba Dogo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shige gaban malaman firamare sama da ashirin, na jagorance su har tsakiyar gonar wani bawan Allah ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai na ji ƙeyata ta ɗau zafi. Bari in faro muku daga ranar da aka aike ni sayen kwamfuta, don daga nan na fara haƙa wa kaina rami.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo, wato na awon filaye, a Magajiya cikin Suleja, a saman wani shagon tayil. Mu uku ne kacal. Akwai Alhaji Sabo, mai ofishin, shi ne safiyo mai lasisi, shi ke sa hannu a kowace takarda. Akwai Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, wadda ta fi shekara ashirin tana zana taswirar filaye da hannu. Sai ni, ɗan Zariya da ya karanci labarin ƙasa, ya ɗora da kwas na wata uku a Abuja kan GIS, wato aikin taswira da bayanan ƙasa a cikin kwamfuta. Wata uku ne fa, amma in ka ji ina bayani sai ka rantse da hannuna aka harba tauraron ɗan Adam.

Dole in faɗi halina tun yanzu: ni mutum ne mai gaggawa da rawar ƙafa. Mahaifiyata tana cewa ko a goye ban taɓa zama lafiya ba. Ba na iya jiran shayi ya huce, ba na iya karanta takarda har ƙarshe, in ana bayani kuma tun a tsakiya nake fara gyaɗa kai don a yi a gama.

Wata Litinin Alhaji ya kira ni ya ce masu kawo aiki sun fara neman taswira ta kwamfuta, ta takarda kaɗai ba ta ishe su ba. "Kai ka yi karatun abin," in ji shi. "Je ka dubo mana kayan aiki, na'ura da manhaja. Ga abin da ofis zai iya. Amma ka yi shawara da Madam."

Mako biyu ban san inda kaina yake ba. A cikin mota ina duba waya, a kan tabarmar cin abinci ina duba waya, ina kwatanta wannan kwamfuta da waccan. Aikin taswira yana da nauyi, wannan gaskiya ne. Hoton ƙasa da ake ɗauka daga sama yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, don haka ana son ram mai yawa, da ma'aji mai sauri, da allo mai faɗi yadda ido ba zai wahala ba. Duk na san wannan. Matsalata ita ce kullum na tsayar da shawara da safe, kafin azahar na ga wata da ta fi ta. Matata ta ce ko lokacin neman aurenta ban rame haka ba (kuma ba da wasa ta faɗa ba).

Shawarar da aka ce in yi da Madam kuwa, na yi ta a tsaye, hannuna a kan ƙofa. Ta ce a ganinta kwamfuta matsakaiciya ta isa. Abin da ya rage a nemi infata da batir saboda halin wutar Suleja, a ware kuɗin hayar na'urar GPS ta masu safiyo duk ranar da za a fita daji, sannan a ɗauko wanda ya ƙware ya zauna da mu mako guda, ya nuna mana yadda ake shigar da tsofaffin taswirorinmu cikin manhajar.

"Madam, ai ni ne wanda ya ƙwaren," na ce.

"To, Injiniya," ta ce. Da wannan sunan take kirana in tana so ta tsokane ni, ni kuma a lokacin ina ɗauka girmamawa ce.

Na tafi shagon wani mai sayar da kwamfuta, Obinna, haifaffen Suleja, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan uwana. Mutumin nan ya yi iya ƙoƙarinsa ya cece ni. Ya ɗauko wata baƙar kwamfuta marar ado ya ce, "Oga, in taswira ce aikin, wannan ta isa. A ƙara mata ram kawai, shi ke nan." Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wata a bayansa, mai gefen gilashi, fankokinta suna juyawa da fitilu ja da kore da shuɗi. Ya ce ta masu wasan gem ce, ƙarfinta ya ninka abin da nake buƙata. Jin haka na ce ita nake so. Na ƙara da allo mai lanƙwasa, na ƙara da tabulet, wato allon hannu, wanda zan riƙa fita da shi fili yana nuna mini inda nake tsaye.

Obinna ya juya tabulet ɗin a hannunsa ya ce, "GPS ɗin wannan na kai mutum gidan biki ne fa. No bi fo land mata. Abeg, kar ka auna wa mutane fili da shi."

Na yi dariya na ce ya bar wa masu ilimin abin su damu.

Saura manhaja. Iri biyu ke gabana: mai lasisi da ake sabuntawa duk shekara, da ta kyauta wadda masana suka haɗu suka gina. Da farko na yi ta kushe ta kyautar, ina cewa araha ba ta ado. Da na dawo daga shagon Obinna na ga ba abin da ya rage na lasisi, sai na lallaɓa na sauke ta kyautar, na je na gaya wa Alhaji cewa bayan dogon nazari na gano ita ta fi dacewa da mu. (Manhajar ba ta da laifi ko kaɗan, da ita nake aiki har yau. Ina faɗa ne don ku san irin dogon nazarin.) Infata, hayar GPS da makon koyo duk suka bi ruwa.

Ranar da na kunna kwamfutar a ofis, fitilun suka haske bango. Madam ta ɗago daga teburin zanenta ta dube su ta saman tabarau. "Injiniya, biki za a yi?"

Aikin farko da ya faɗo wa kwamfutar na wata ƙungiyar malaman firamare ne. Shekarun baya sun haɗa hannu sun sayi fili a bayan Tafa, ofishinmu ya auna, ya yanka shi fuloti-fuloti, aka kafa turakun siminti a kusurwoyi, waɗanda muke kira bikon. Madam ce ta zana taswirar, kuma tana wurin aka kafa turakun. Sai rabon ya yi ta jan ƙafa har ciyawa da ƙasa suka binne su. Yanzu malaman sun shirya, sun sa ranar da za a nuna wa kowa nasa. Alhaji kuma zai tafi Umara. Kafin ya tafi ya ce mini, "Ka shigar da lambobin turakun cikin na'urarka. Amma kada a nuna wa kowa fili sai na dawo mun fita mun tono turakun da idonmu."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji." Ina jin tun kafin ya rufe baki na faɗa.

Na zauna na shigar da lambobin. Ina gamawa manhajar ta buɗo wani ɗan akwati tana tambaya da wane ma'auni aka auna waɗannan lambobi, ga jerin sunaye ya fi ɗari. Na tuna an yi wannan darasin a kwas, amma a ranar na fita da wuri don in riga cunkoson hanyar Suleja. Ƙafata tana ta rawa a ƙarƙashin tebur, ni dai so nake in ga taswira ta fito. Na bar wanda ta zaɓa da kanta na danna amincewa. Nan take fulotai suka jeru a kan hoton ƙasa, na yi musu kala-kala, abin gwanin sha'awa.

Madam ta zo ta tsaya a bayana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa bayan fensir a kan allon. "Hanyar nan ba nan take ba. A zanena tana bin gefen fulotan farko. Ga ta nan ta yi nisa."

"Madam, zanen hannu ne ai."

"Lambobin nan na tsohon ma'auni ne fa, na Minna. Ka faɗa wa manhajar?"

"Ta sani. Ita ba a faɗa mata." Sai na ƙara da maganar da har yau nake jin kunyarta fiye da komai. Na ce, "Hannu yana rawa, Madam, tauraro ba ya rawa."

Ta koma teburinta ta ci gaba da feƙe fensir.

Da abin ya tsaya a ofis, da da sauƙi. To amma a gidan hayar da nake zaune a unguwar Bagama akwai Mama Talatu, malamar firamare daga kudancin Kaduna, saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, kuma tana cikin ƙungiyar. A ɗaki biyu na haya ta raini 'ya'yanta huɗu. Ita ta koya wa 'yata Ummi karatu a bakin ƙofarta da yamma, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Mai gidan ya ba ta wa'adi ta tashi kafin damina, zai rushe ɓangarenta ya yi shaguna. Ta daɗe tana tara bulo kaɗan-kaɗan a wurin wani mai buga bulo, ta tanadi siminti, birkilanta kuma ya ce in ba a fara a watan nan ba zai tafi wani aiki a Abuja.

Wata yamma ta same ni ina wanke mashin. "Baban Ummi, an ce taswirar tana hannunka. Ba ka ɗan nuna mini nawa ba? Lamba goma sha huɗu. In na jira ranar rabo, ruwa zai same ni a waje."

Abin da ya kamata in ce a bayyane yake, Alhaji ya ma riga ya faɗa mini shi. Amma matar da ta koya wa 'yarka karatu ta roƙe ka abu, ga sabon tabulet a jaka yana ƙaiƙayin a fita da shi. Na ce, "Mama, gobe ma."

Washegari na goya ta a mashin muka nufi Tafa. Muka sauka daga kwalta, muka bi hanyar ƙasa, muka ajiye mashin muka taka. Rani ne, an gama girbi, ko'ina fili fetal, ba gida ba bukka. Ina tafe ina kallon ɗigon shuɗi a allo har ya shiga cikin lamba goma sha huɗu. Na kafa mata fegi huɗu. Na ɗan tona da ƙafa ina neman turken siminti ban gani ba, sai na ce mata wataƙila manoma sun tumɓuke. Raina ya ɗan sosu a nan, ba zan ɓoye ba, amma na danne shi.

Mama Talatu ta durƙusa a tsakiyar fegin nan huɗu, ta damƙi ƙasa a hannunta ta yi addu'a da yarensu. Da ta tashi idonta ya yi ja. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na ji kaina ya yi girma har hular kwano ta matse ni.

Cikin mako biyu aka haƙa rami, aka zuba kankare, fandesho, wato harsashin ginin, ya kama, bulo ya hau layi biyar. Kullum ta dawo daga wurin sai ta leƙo ta ba ni labari: yau an fitar da falo, yau an fitar da kicin. Ni kuma tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. In na zauna a ofis sai in buɗe taswirar in kalli hanyar nan da ta ƙi zama inda Madam ta ce, in rufe, in sauka ƙasa in sayi ruwa, in hawo in sake buɗewa. Sau biyu na buɗe baki zan tambaye ta me take nufi da ma'aunin Minna, girman kai ya rufe mini shi.

Alhaji ya dawo ranar Alhamis da murar da masu Umara kan dawo da ita, muryarsa ba ta fita. Ya ce gobe Juma'a mu je mu tono turaku. Na ce ya huta, na riga na je na tabbatar da komai. Ya dube ni, ya dubi Madam, Madam ta dubi silin. Bai da ƙarfin gardama, ya ce to.

Ranar Asabar malamai suka cika doguwar mota. Matan sun yi anko, an zo da kuloli na shinkafa da lemo, an gayyato fasto da liman don a buɗe da addu'a, ga wakilin mai gari. Ni kuma na sa rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi da hular kwano ta injiniyoyi, a filin da ko reshe babu da zai faɗo wa mutum a ka. Na ɗaga tabulet na ce kowa ya biyo ni. Har wani ɗan jawabi na yi a hanya, cewa zamanin jan igiya da tonon ƙasa ya wuce.

Da muka hango ginin Mama Talatu sai matan suka ɗau guɗa, suna rungume ta. Alhaji, wanda bai san da ginin ba, ya juyo ya yi mini wani kallo. Kafin ya ce wani abu muka lura da mutum zaune a kan bulon, dattijo dogo, fartanya a jingine da gwiwarsa, yana cin gyaɗa.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Wane ne mai ginin? Tun jiya nake nemansa in yi masa godiya."

Wakilin mai gari ya gaishe shi da suna, Baba Dogo. Manomi ne ɗan Gbagyi, ya yi wata biyu a Kaduna wurin 'yarsa yana jinyar ƙafa. Ya dawo zai fara shirin kunyar doya, ya tarar an yi masa falo da kicin.

Na matsa gaba da tabulet. "Baba, ina ganin an samu rashin fahimta. Nan fuloti na goma sha huɗu ne. Duba, ga mu nan, wannan ɗigon."

Ya leƙa allon cikin ladabi. "Wane ne ya ce?"

"Tauraron ɗan Adam."

"Shi ya sayar muku?"

Wani malami a baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Wakilin mai gari ya ce shi dai a saninsa filin da aka sayar wa malamai daga ɗorawar can ya fara, ya nuna wata bishiya a arewa maso yamma, can nesa. A nan ne mai hankali zai yi shiru. Ni kuwa sai na juya harshe zuwa Turanci. Minti goma ina zuba, ina ambaton taurari nawa ke sama da yadda suke aiko da saƙo, ina zagaya mutane da allo a hannu, gumi yana bin hular kwano yana shiga mini ido. Liman ya koma inuwar mota. Fasto ya naɗe hannu yana kallon takalminsa.

Sai Madam Rifkatu ta fito daga cikin mutane. Ta je gaban Baba Dogo ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, ara mini fartanyarka." Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta nufi ɗorawar. Mutane suka fara bin ta ɗaya bayan ɗaya, har na waiga na ga daga ni sai kulolin shinkafa. Dole na bi su. Ta tsaya a gindin bishiyar, ta dubi tsohuwar taswirarta, ta juya ta fuskanci wani dutse, ta taka tana ƙirgawa a hankali. Ta tsaya, ta sara ƙasa sau uku. A na huɗu fartanya ta yi ƙara. Ta share da tafin hannu, sai ga kan turken siminti, lambarsa a rubuce, daidai da ta takarda.

Ba wanda ya yi guɗa a wannan karon. Alhaji ya matso kusa da ni, da dasasshiyar muryarsa, amma saboda shirun da aka yi kowa ya ji. Ya ce tsofaffin taswirorinmu an auna su ne da ma'aunin da aka kafa tushensa a kusa da Minna, na'urorin yanzu kuma da ma'aunin tauraro suke aiki. Lamba ɗaya ce, amma in ba ka gaya wa na'ura na wane ma'auni ba ce, sai ta kai ka wani wuri, tazarar ta fi tsawon filin ƙwallo. "Da manhajar ta tambaye ka ma'auni, me ka ce mata?"

"Na danna amincewa, Alhaji."

"Ka karanta?"

"A'a."

"Canza shi yanzu mu gani."

Na nemo sunan Minna a jerin na zaɓa. Fulotan gaba ɗaya suka yi tsalle a allon, hanya ta koma gefen fulotan farko, ɗigon shuɗi ya zo ya tsaya 'yan taku kaɗan daga turken da Madam ta tono. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Alhaji ya ce waɗannan 'yan takun da suka rage ma, a cikin gari sun isa a kai mutum kotu, shi ya sa ake tono turke. Madam ta miƙa wa Baba Dogo fartanyarsa ta yi godiya, ba ta ko kalle ni ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Duk wannan kunya ce kawai, kuma kunya ba ta kisa. Abin da ya karya ni shi ne da na juya na hango Mama Talatu. Ba ta biyo mu wurin ɗorawar ba. Tana tsaye ita kaɗai a cikin abin da take kira falonta, hannunta a kan bulo. Na cire hular kwanon na taka zuwa wurinta, tafiyar da ta fi kowace tsawo a rayuwata.

"Baban Ummi, ina nawa yake?"

Na nuna mata can, bayan ɗorawa, inda ba komai sai busasshiyar ciyawa.

"Wannan fa?"

Na sunkuyar da kai.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ka ce mini ba ka tabbata ba, ai da na jira. Shekara talatin ina jira, mako biyu ba zai kashe ni ba."

Na durƙusa a kan kankaren nan, da rigata mai ƙyalli, a gaban malamai da liman da fasto, na ce ta yafe mini. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, har hawaye suka zubo mini, ni da ko a jana'iza ba kasafai nake kuka ba. Ta ce in tashi, mutane suna kallo. (Ko a wannan halin ita ce take rufa mini asiri.)

A inuwar mota aka yi sulhu, ana cin shinkafar da ta riga ta huce. Bulon da ya hau za a iya sauke shi a hankali, ko da wasu za su fashe. Kankaren ƙasa kuwa ya zauna ke nan. Baba Dogo ya gama tauna lomarsa, sannan ya ce da ma yana son ɗakin ajiyar doya a gonar. A bar masa fandeshon, shi kuma mutanen gidansa za su haƙa wa Malama sabon rami, ta ɗebi yashi a bakin rafinsa. Alhaji ya ce ofis zai kawo siminti, tunda da sunan ofis aka yi ɓarnar. Sai ya juyo gare ni.

"Kai kuma bulon nan, kai za ka kai shi can. Duk Asabar da Lahadi har ya ƙare."

Na tambaya ko zan iya ɗaukar lebura. Ya ce a'a. Na tambaya ko baro fa. Baba Dogo ya ce baro ba zai bi ta cikin kunyoyinsa ba, ya fara tayar da su ranar Litinin.

Haka na yi makonni ina saɓa bulo a kafaɗa, ɗaya-ɗaya, ina bin gefen gona daga inda na ce fili yake zuwa inda yake. Ranar Litinin ta farko na shiga ofis kafaɗata a kumbure, na tsaya gaban teburin Madam na ce ta yi haƙuri da maganar da na faɗa mata. Ta ce ta ji. Sannan ta jawo kujera kusa da kwamfutar ta ce in nuna mata inda ake zaɓen ma'aunin, tana so ta riƙa dubawa da kanta.

Duk da haka ba mu riga damina ba. Birkila ya tafi Abuja ya dawo, ruwan farko ya sauka ba a yi rufi ba, wa'adin mai gida ya cika. Mama Talatu ta yi mako uku a ɗakin wata 'yar cocinsu, kayanta a tsakar gida an lulluɓe da leda, katifarta ɗaya ta jiƙe ta lalace. Wannan ba abin da zan iya ɗauka a kafaɗa in mayar mata ba ne. Ranar da ta tare ta aiko a kira ni, na je ina sunkuyar da kai, ta zuba mini abinci da hannunta. Ta gabatar da ni ga baƙinta da cewa, "Ga maƙwabcina, shi ya gina wa Baba Dogo ɗakin doya." Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ci bashin fiye da haka.

Yanzu in wani ya zo yana tambayata wace kwamfuta zai saya don aikin taswira, nakan ce ya sayi wadda aljihunsa zai iya, ya ƙara mata ram, sannan ya zauna ya karanta duk tambayar da ta yi masa kafin ya danna komai. In ya fara gyaɗa kai tun ban gama ba, sai in gane ɗan uwana ne, in ce masa ya zauna tukuna. Akwai farfesoshin da suka rubuta littattafai kan tazarar da ke tsakanin ma'aunin Minna da na tauraro, amma ban jin akwai wanda ya san ta kamar ni. Su a takarda suka lissafa ta, ni kuwa da bulo a kafaɗa na auna ta, zuwa da dawowa.